Baƙon da Bai Saki Hannu Ba

Tun da matata Malama ta rasu, babu mai leƙa bahon rogo a gidanmu. Da ita ce ke tsoma yatsa a ruwan jiƙo, ta sansana, ta ce a zubar a sake wani. Kimiyya ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Ni kuwa magini ne, karatuna bai wuce firamare ba. Amma a zaman aurenmu ba ta taɓa barina a baya ba. In ta ga abin littafi ya fi ƙarfina, sai ta kawo mini shi cikin laka da tubali.

Jiya ƙanwata Uwani ta zo taya ni girki. Na iske ta ɓare rogo mai ɗaci, har ta ɗora tukunya. Na ce a jiƙa shi tukuna. Ta ce, "Haba Yaya, jikokinka yunwa suke ji. Ai wuta tana kashe komai." Na ce, "Sauke tukunyar nan, Uwani. Zauna in ba ki misalin da Malama ta ba ni."

Wani mutum ne ya kira gayya don a yaɓe rufin soronsa kafin ruwan farko. An riga an jera azara, saura laka. Mutane suka yi layi tun daga ramin kwaɓi har gindin tsani. Na farko ya cura laka ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, har curi ya isa ga na ƙarshe, shi kuma ya ɗaga wa magini a sama. Babu wanda ke gudu, babu wanda ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, amma rufi yana ta ci gaba. Ana cikin haka sai ga wani baƙo cikin babbar riga. Ya wuce kowa, ya tsaya gaban na ƙarshen nan, ya yi sallama ya miƙo hannu. Mutumin kirki ba ya barin hannun baƙo a iska, don haka ya goge tafinsa a jikin riga ya ba shi. Baƙo ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gona da dabbobi da tsofaffi. Da ya kai ƙarshen gaisuwar sai ya koma farko, hannu kuwa bai saki ba.

Na kusa da na ƙarshen yana riƙe da curi, babu wanda zai karɓa. Na bayansa ma haka, har zuwa bakin rami kowa ya tsaya da laka tana bushewa a tafinsa. Ga ƙasa jibge, ga ruwa, ga mazaje masu ƙarfi, ga magini a sama ya buɗe hannu yana jira. Hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece a kan rufin da ba a gama ba, soro ya rufta.

Ranar da Malama ta gama ba ni wannan, sai ta ce, "Maigida, wannan layin yana cikin jikinka." Ta ce a cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama naman mutum akwai wasu ma'aikata da ake kira sitokurom, sunan da har yau harshena ke tuntuɓe da shi. Kowannensu yana da ɗigon ƙarfe a tsakiyarsa, shi ne tafin hannunsa. Da shi yake karɓar ɗan kayan da aka ciro daga abinci ya miƙa gaba, na ƙarshe kuma ya miƙa wa iskar da muka shaƙa. Daga wannan miƙe-miƙen ne jiki ke samun ƙarfin da nake ɗaga tubali da shi. Gubar rogo mai ɗaci ita ce baƙon nan. Ba ta fasa komai, hannun na ƙarshe kawai take riƙewa. Sai mutum ya galabaita alhali cikinsa cike da abinci, ƙirjinsa cike da iska. Jiƙo da sauya ruwa da shanya a rana su ne ke sallamar baƙon tun daga ƙofar gida.

Uwani ta kalli yaran da ke wasa a tsakar gida. Sai ta ce, "To, wannan mai doguwar gaisuwa dai ba ta tukunyata zai shigo ba." Ta juye rogon a baho, ta dama wa yara kunu. Yau da safe na gan ta ta tsoma yatsa a ruwan tana sansanawa, sai da na juya fuska na share ido.

Gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malama ta miƙo mini nata curin, na miƙa wa Uwani, ga shi na miƙo muku. Ku taya ni roƙon Allah Ya jiƙan ta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta koyar ya bi ta da lada. Amin.