Kansilan da Ya Zama Baƙo a Garinsu

Tun da ka ce bana kowa sauya sheƙa yake yi, kai ma zuciyarka ta fara rawa, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani manomin albasa a wani ƙauye da ke tsallaken kogi, mutum mai sanyin murya da yawan mafarki ido biyu. In ya gaji da ban-ruwa, sai ya kishingiɗa a gindin giginya yana kallon kogin, har ya ga gada ta taso daga cikin ƙyallin rana, fara fat, mata na wucewa a kanta da ƙoren nono, masu naƙuda na isa asibiti ba tare da jiran kwalekwale ba. Ya yi ta ba mutane labarin gadar nan har su ma suka fara ganinta. Da zaɓe ya zo, suka ce shi zai tsaya musu kansila, suka yi masa ruwan ƙuri'u. Ranar da zai kama aiki, tsofaffi suka raka shi har bakin ruwa suna sa masa albarka.

Bai daɗe ba mulkin jiha ya koma hannun wata jam'iyya. Ya ga ofishin jam'iyyarsu ya yi tsit, ƙofar masu mulki kuwa ta cika da takalma. Ya ce a ransa, ɗan adawa ba ya gina gada. Ya sauya hula, ya dawo gida ya yi wa jama'a bayani, suka ce inda ya sa ƙafa nan za su sa tasu. Suka sauke tuta, suka ɗaura sabuwa. Karo na biyu, da ubangidansa na siyasa ya ɓata da gwamna ya fice daga jam'iyyar, shi ma ya bi shi, amma bai samu sukunin zuwa gida ba, sai ya aika a faɗa musu. Suka bi, jiki a sanyaye. Na uku kuwa a rediyo suka ji. A lokacin ya kama haya a birni, ya saba da sanyin mota da shinkafar taro, ya fara hangen kujerar majalisa. Yakan tuna gadar jefi-jefi, sai dai kullum tana ƙara nisa, kamar ƙwaryar da ruwa ke janyewa a hankali. Aka yi ambaliya ta cinye rumbuna, bai leƙa ba. Limaminsu ya rasu, ya aika da gaisuwa.

Da aka sake kaɗa gangar siyasa, shugabannin sabuwar jam'iyyarsa suka ce takara sai mai jama'a, ya je ya zo da mutanensa su gani. Ya shiga kwalekwale da hantsi, da buhun huluna da atamfofi masu hotonsa. Ruwa ya kwanta luf, balbelu na bin gaɓa, shi kuwa yana gyangyaɗi yana jin kamar ana kiran sunansa da kalangu daga ƙetare. Da mai fito ya sauke shi, bai tarar da kowa ba sai mata masu wanki. A bakin kasuwa ya ga tutar jam'iyyarsa ta fari tana kaɗawa. Ashe mutanen gari sun koma can, sun tsayar da maƙwabcinsa na gona, wanda ya shiga ruwa tare da su ranar ambaliya.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa murya. Yayarsa ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, irin wadda ake ajiye wa baƙi, ta kawo masa ruwa a kwano mai murfi. Dattawa suka zo suka gaishe shi cikin ladabi, suka tambaye shi gajiyar hanya da lafiyar mutanen birni. Da ya gyara murya zai ɗauko zancen ƙuri'a, babbansu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, “Ranka ya daɗe, in yau za ka koma, gara ka kama hanya. Mai fito ba ya wuce la'asar.”

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san su, har da waɗanda aka yi musu kaciya tare, amma bai ga mai niyyar cewa ya kwana ba. Ya saɓi buhunsa ko kwance bakinsa bai yi ba, ya nufi bakin ruwa shi kaɗai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.