Godiyar 'Yan Aji Uku

Hotonsa na bayyana a jikin bango, malamin lissafi ya gyara zama. Iyaye sun cika zauren taro maƙil, mai makaranta na gefensa, ga shi a makon nan za a zaɓi mataimakin shugaba, kujerar da ya daɗe yana hari.

Bidiyon godiya ne 'yan aji uku suka haɗa wa malamansu, da kiɗa mai taushi.

"Na gode, Malam, da ka sanar da ni kaina kabewa ce," in ji yarinyar farko, tana murmushi.

"Na gode da ka ce ko jaki ya fi ni lissafi," in ji wani yaro, hannu a ƙirji.

Malamin ya ciji leɓe yana haddace fuskokinsu. Za mu haɗu a aji, 'yan banza!

Sai ga 'yarsa ta cikinsa a ƙarshe. Ya sauke ajiyar zuciya. Ko ba komai, jininsa ce.

"Ni ku nake gode wa, 'yan ajinmu," ta ce, idonta taf da ƙwalla. "Duk ranar da Baba ya zage ku har ya gaji, in ya dawo gida Mama takan kwana ba ta yi kuka ba."