Sunan Ɗan Fari

Tun da aka sallami masu gadin asibitin, na'ura ce ke shigar da masu dubiya. Iya Kande ta tsaya gabanta da kwanon kunu, duk ƙafafunta sun gaji.

"Sannu da zuwa, Iya," in ji na'urar. "Faɗi sunan mara lafiyar."

"Yaron nan na gadon ƙarshe."

"Sai da suna, Iya."

Ta ja tsaki. Ɗanta na fari ne, har ya yi furfura ba ta taɓa kama sunansa ba. "Ke ba ki san kunya ba? Yayan su Ladi."

"Na gane. Bari in hutasshe ki."

Sai ga muryar Iya Kande, wadda na'urar ta kwaikwaya har da 'yar dishewarta, ta fito ta lasifikar ɗakin marasa lafiya: "Haladu! Ga ni na zo."

Ƙofa ta buɗe. Ta tarar da shi ya yunƙura ya zauna, idanunsa cike da ƙwalla.

"Iya," ya ce, "ƙara faɗa."

Ta ajiye kwanon, ta daɗe tana gyara murfinsa.

"Sha kununka kafin ya huce," ta ce.