Kwalba Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Ƙawata, matso kusa, ajiye wayar nan. Labarin wata yarinya zan ba ki, a gidansu Auta ake kiranta.

Sau tara ke nan tana ɗiga jinin kwalba mai lamba ashirin da bakwai a ruwan gwajinta, sau tara ruwan yana komawa ja.

Shekara uku ta yi tana haɗa wannan ruwa a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗigon jini ɗaya yake buƙata, in ƙodar mutum ta fara lalacewa sai ya yi ja, tun mai ita bai ji komai a jikinsa ba. Amma ba a yarda da sabuwar hanya don mai ita ta rantse. Sai da aka jera mata kwalabe tamanin, rabi jinin majinyata, rabi na masu lafiya da suka kawo kansu. Babu suna a jiki, lamba kawai. Sunayen suna cikin littafin Sista mai ɗibar jini, littafin kuma yana durowa a kulle. Da ƙyar ma aka cika masu lafiyar, kwana biyu Auta tana mita a gida cewa saura mutum ɗaya, sannan Allah Ya kawo shi.

Da Farfesa mai kula da aikin ya gwada amsoshinta da na tsohuwar hanya, saba'in da tara suka yi daidai. Ɗaya ta ƙi.

"Wannan daga cikin masu lafiya ta fito," in ji shi, yana ƙwanƙwasa takardar da biro. "Ko dai ruwanki ƙarya yake yi, ko ki gaya mini dalili. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Ba na sa hannu a abin da zai tsorata lafiyayye."

Auta ta haɗa sabon ruwa tun daga farko. Ja. Ta wanke kayan aikin kaf, ta canza safar hannu, ta duba sanyin firiji. Ja. Ta sa aka sake saita na'urar, ta miƙa wa abokin aikinta ya gwada da hannunsa ita ta juya baya. Ya ɗaga kwalbar yana dariya: "Hajiya, wannan ko a rijiya kika tsoma shi ja zai fito."

A gida ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta shiga kicin, ta fito, ta ɗauki cokali ta ajiye. Ummanta na gefe da kwalin ashana tana haɗa baƙaƙen da ke jiki, don ita ba ta yi makaranta ba, da tsofaffin littattafan 'ya'yanta ta koya wa kanta karatu, kuma duk abin da ta gani da rubutu sai ta karanta shi.

"Ke, za ki huda mini tabarma da zirga-zirga. Mene ne?"

"Umma, ashirin da bakwai ce za ta kashe ni."

Umma ta ajiye kwalin. "Nawa kika ce?"

"Ashirin da bakwai. Ki taya ni addu'a, Allah Ya sa ba kuskure ba ne."

"Kin san abin da kike roƙo kuwa? In ba kuskure ba ne, ɗan wani ba shi da lafiya."

Auta ta tsaya cak. Ta ce, "In yana da ciwon ai gara a sani yanzu, Umma. Yanzu ne ake iya tare shi."

Umma ta gyara hannun rigarta, ta ce, "To, amin."

Hanya ɗaya ta rage a ƙa'idar aikin: Sista ta kira mai lambar a ɓoye, a ɗauki hoton ƙodarsa. Auta ba ta da ikon sanin ko wane ne, ko yanzu ko gaba. Ranar Talata ta wuni tana leƙen ƙofar Sista har matar ta kore ta. Ta kira gida don ta rage zafi, ba a ɗauka ba. Da yamma Umma ta ce ta je dubiya ne asibiti, layi ya riƙe ta.

Ranar Laraba da hantsi Farfesa ya shigo da takarda, ya cire tabarau. "Ƙodar hagu ta fara tafiya. Tsohuwar hanya ce ba ta gani ba. Likita ya ce da an ƙara shekara, da sai wankin ƙoda." Ya zaro biro ya sa hannu.

Auta ba ta san lokacin da ta iso gida ba. Ta faɗa jikin Umma tana kuka tana dariya. "Addu'arki ta ci! Yana da shi, wallahi yana da shi!" Sai kuma ta toshe baki. "Astagfirullah. Allah Ya ba shi lafiya, ko wane ne."

"Amin," in ji Umma. "Zauna ki ci abinci."

Ta kai loma ɗaya ta yamutsa fuska. "Umma, yau kin manta gishiri."

"Tsufa ne."

Watanni huɗu ke nan, har yau tana ƙorafin gishirin, har yau kuma bayan kowace salla tana yi wa mai lambar addu'a, ni Ummanta ina gefe ina cewa amin. Don Allah ƙawata, kada ki faɗa wa kowa, balle ita: ranar da na saci jiki na je na cika mata mutum na arba'in, ina kallo Sista ta manna takarda a kwalbar jinina, kuma kin san ni, ban iya ganin rubutu in ƙyale ba.