Ranar da Maginiya Ta Daina Sulalewa

Kin ce ɗanki ya cika ƙiwa ko? To, gyara zama ki ji. An yi wata maginiyar tukwane mai 'ya ɗaya, shekararta ɗaya da rabi amma ko taku ɗaya ta ƙi yi. Ƙafa fa garau, tana miƙewa tsaye, sai dai kullum hannunta na damƙe da gefen zanen uwar. Maƙwabta har sun fara ƙus-ƙus, wai ko gurguwa za a yi. Ita kuwa uwar kowace safiya sai ta je bakin rafi ɗebo yumɓu, kuma dabararta irin tamu ce ta mata: "Laa, dubi akuya can!" Yarinya na waiwayawa, sai uwar ta sulale. Mijinta, wani manomi marar yawan magana, shi ya gano bakin zaren. Ya ce, "Wadda ta waiwaya ta rasa uwa, ina za ta yarda ta saki zane?"

Wallahi matar nan ta burge ni. Washegari ta durƙusa ta dubi 'yar cikin ido, ta ce mata za ta fita amma za ta dawo. Kuka? Har da birgima! Ta fita tana share nata hawayen, ta ɗan tsaya a bayan danga, ta dawo ta ce, "Ga ni." Kashegari ta kai rijiya ta dawo. Bayan mako ta kai rafi. Shi ma uban in zai tafi gona sai ya tsuguna ya yi wa 'yar sallama kamar wata babba, kakar yarinyar tana ta yi musu tsiya, wai ana neman izini wurin mai majina. Ba su fasa ba, kuma ko sau ɗaya ba su saɓa alkawari ba.

Ran nan da hantsi uwar na ginin tulu, sai ta ji zanenta sakayau. Ta ɗaga kai, sai ga yarinya can tsakar gida tana tatata, tana bin kaza. Ta yi taku huɗu ta waiwayo, ta ga uwa na nan inda ta bar ta, ta yi dariya ta ci gaba abinta.

To kin ji. Ki daina nuna wa yaron nan akuya, 'yata. Hausawa sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.