Fitilar da Ta Mutu a Cikin Rijiya

Kai da kake cewa kimiyyar da ake koya wa yara a sakandare ba ta wuce haddar jarrabawa ba, gyara zama ka ji wannan misali. A wani gari famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ana tsakiyar bazara, sai mutane suka tuna da wata tsohuwar rijiya da aka rufe bakinta da langa-langa shekara tara. Aka kira mai haƙar rijiyoyin garin ya shiga ya yashe ta. Mutumin yana da 'ya a aji huɗu. A makon nan ne malamar kemistiri ta kunna musu kyandir, ta kife masa kwalba, suna kallo wutar ta yi ƙasa ta mutu. Malamar ta ce iskar da wuta ke ci ita mutum ke shaƙa, inda wuta ta kasa rayuwa mutum ma ba zai kai labari ba. Da yarinyar ta kawo wa ubanta fura bakin rijiya, ta tarar ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙarti huɗu sun riƙe suna shirin zura shi. Ta dire ƙwaryar, ta taka igiyar da ƙafa biyu, ta ce, "Baba, ba za ka shiga ba sai an fara zura wuta." Mai unguwa ya ce, "Ke, ubanki yana shiga rami tun ba a haife ki ba. Matsa!" Mata suka hau salati, suna cewa boko ya cire mata kunya. Uban ya daka mata tsawa. Ba ta taɓa yi masa musu ba ko a cikin ɗaki, balle a bainar jama'a. Amma sai ta zauna daram a kan igiyar, ta ce, "Ku doke ni in kun ga dama, ba zan tashi ba."

Don a rabu da ita, aka kawo fitilar ƙwai, aka kunna, aka ɗaura a igiyar guga. Aka fara zurawa, tsawon gaba ɗaya, gaba biyu, wuta na ci. A gaba ta biyar ta yi ja, ta mutu. Suka ce lagwani ne. Ta gyara lagwanin da hannunta, aka sake zurawa, ta sake mutuwa a daidai wurin. Wani ya ce ai fitila ba mutum ba ce. Yarinyar ta ruga gida ta kamo kazarta, wadda ta yi kiwo tun tana 'yar tsako, ta sa ta a kwando ta miƙa musu. Kazar ta sauka tana kuka, can sai shiru. Da aka jawo kwandon da sauri, wuyanta ya langaɓe, sai da aka yi ta fifita kafin ta motsa. Uban ya dubi ramin, ya dubi 'yarsa, ya sa hannu ya kwance igiyar daga ƙugunsa. Kwana uku aka bar rijiyar a buɗe, ana ɗaura rassan darbejiya masu ganye ana zurawa ana jawowa don iska ta sauya. Kullum yarinyar na tsaye da fitila, ba ta yarda kowa ya sauka ba sai ran da wutar ta kai ƙasa tana ci. Ran nan uban ya shiga, ya yashe rijiya, ya fito da ƙafarsa, gari ya sha ruwa. Da a ce da baki kawai ta yi ta yi musu bayani, da yanzu ana zaman makoki. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.