Rafin da Ya Cika da Rani

Zauna ka ji, ɗan'uwa, tunda ka ce ɓata lokaci ne mutum ya riƙa leƙen rafi kullum. Wani mai lambu ne a bakin wani rafi, can sama kuwa gari na ta faɗaɗa, yau fili gobe gida. Mutumin nan ya kafa turke a cikin ruwan. Kowace safiya sai ya duba inda ruwa ya tsaya a jikin turken, sannan ya kamfato da tafin hannu ya dubi launinsa, ya sansana, ya kurkure baki, yadda ake yi wa ruwan alwala. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, wai ya auri rafi. To, ana tsakiyar rani, lokacin da rafin ya saba komawa kamar zare, sai ga ruwa ya haura turke! Kai, ranar fadama ta kaure da murna. Masu lambu suka tayar da injinan ban ruwa, kowa na cewa Allah ya kawo damina ba hadari. Shi ma farin ciki ya kama shi, don dashen albasarsa, abincin gidansa na shekara, ya fara langaɓewa. Ya kai ruwan baki ke nan sai ya tofar. Tsami! Ya leƙa gefe, ko ɗan kwaɗo ɗaya babu.

Wallahi ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya toshe magudanarsa da laka, ya bi rafi sama a guje yana ƙwala wa mutane kira su kashe injina. Wasu suka ji, wasu suka ce baƙin ciki ne kawai. Can ya tarar da abin: sabuwar unguwa ta karkato kwatocinta cikin rafi, ga ruwan marina da na majema na kwarara baƙi ƙirin. Ashe cikar ba ta ruwan sama ba ce! Ya dawo ya kama jan ruwan tsohuwar rijiya da guga, har tafin hannunsa ya yi kanta. Waɗanda suka ƙi ji, ba a jima ba ganyensu ya ƙone ƙurmus. Tasa albasar kuwa ta yi kai, masha Allah, sai ka rantse dunƙulen hannu ne. Masu tsokanar nan su suka sa shi gaba zuwa wurin mai unguwa har aka kau da kwatocin, kuma yau kowannensu da turkensa a bakin lambu. Ka ga dalilin da ya sa Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.